Buzun Tafsirin Moshi Zongo

Moshi Zongo, Tamale
Nuwamba 1958

Zuwa ga ɗana Abdul-Mumuni,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Ankara. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata, wadda ta samu 'yancin kanta tun kafin Ghana.

Mista Kodzo na jami'arku ya zo da kansa, ya ci tuwon uwarka Safiatu har ya yi zufa. Ya ce za a yi musayarka da wani malamin Larabci na Hartum, ka koyar can shekara biyu, shi kuma ya zo Ankara. Na gyaɗa kai kamar na gane duka. Ka san ubanka: aji uku a boko, allo kuma na tsaya a inda malam ya gaji da ni.

Na yi murna. Amma ka tuna buzun kakanka na masallaci, wanda kake dawowa duk azumi ka zauna ka yi tafsiri a kai. Dattawa sun ce ba a barinsa babu kowa, kuma wanda ya yi azumi guda a kansa ba a tashinsa. Afa Buraima, malamin nan na unguwar Choggu, wanda dā ba ya ganina a hanya, yanzu kullum sai ya zo tambayar gwiwata.

Ubanka,
Imoru

Janairu 1959

Ɗana,

Ina gaishe ka, uwarka na gaishe ka. Yaya tarin ƙaramar yarinyar?

Na gaji. Na bi dattawa da goro kan maganar buzun daga nan har Nyanshegu, kowa ya karɓa, ya tauna, ya tura ni gaba. Na kawo shawara cewa tunda musaya ce, Basudanen ya hau lori ya zo ya zauna a buzun. Liman ya yi dariya har ya ƙware. Wai da wane baki zai yi wa matan kasuwa bayani, ba Hausa ba Dagbanci? Kodzo ma ya aiko cewa jami'a ba ta ba da aron baƙonta.

Na ga abin da ka rubuto, wai za ka fasa tafiyar saboda kada buzu ya bar gidanmu. Kul. Kakanka ya tsallake ni ya ba ka don ya ga inda kai yake, ban ji haushi ba. Ba zan zama igiyar da za a ɗaure ka da ita ba. Ka ba Kodzo amsa ya ci gaba da shiri.

Naka,
Imoru

Maris 1959

Zuwa ga Abdul-Mumuni a Hartum,

Gaisuwa da fatan ka sauka lafiya, ka kuma sha ruwa lafiya. An ce zafinsu ya fi namu, ban yarda ba.

Ga yadda aka ƙare. Liman ya yanke cewa in jinin gida yana zaune a buzu, ba wanda ya ƙwace shi. Jinin gida da ya rage ni ne. Saboda haka kullum bayan la'asar ina ɗaura rawanin kakanka in zauna, Afa Buraima kuma yana gefena a tabarma yana tafsiri. Sharaɗi ɗaya suka sa mini: kada in buɗe baki. Uwarka ta ce da ta san liman yana da wannan magani, da tuni ta nemo.

Gwiwata ba ta son zaman. Sai an kama ni nake tashi.

Ba zan ɓoye maka ba, Afa Buraima ya iya. Muryarsa na da daɗi, mata na kuka in ya zo labarin Annabi Yusufu, jiya ni ma na share ido da bakin rawani. Masallaci ya cika har waje.

Ka zauna ka yi aikinka da kyau, kada ka juyo. Buzu dai zan riƙe maka shi wannan azumi da mai zuwa, in Allah ya bar ni. Mutanen ne ban yi maka alkawarinsu ba.

Ka sa ni a addu'a.

Ubanka mai zaman shiru,
Imoru