An Cire Fanka Saboda Taurari

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Kazaure kowa ƙalau, ban da 'yarka Ummi.

Mai gyaran wutar da ka turo ya huda silin ɗakinta, ya zura siraran wayoyin nan masu ƙyalli kamar taurari. Amma sai da ya cire fanka, wai kai ka ce tana tare kallo. A tsakiyar bazara, Sani? Ƙurajen zafi sun feso wa yarinya har wuya. Na mayar da shimfiɗarta tsakar gida, taurarin Allah take kallo tana shan iska.

Ka gaida abokan zamanka, ka sa mu a addu'a. A dawo da fankar nan, ko in sauko da taurarinka da muciya.

Yayarka,
Hadiza