Ba Za a Ƙona Hotunan Malam Abdurra'uf Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Kishin Ilimi ta Birnin Kudu da Gwaram ta samu labarin rasuwar Malam Abdurra'uf Nasiha, tsohon malamin kimiyya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke Sara bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya koyar da 'ya'yanmu tun kafin a ba mu jihar Jigawa, da ya yi ritaya kuma sai ya duƙufa ga ɗaukar hoton gungun taurari masu nisan gaske. Yakan kai madubin hangen nesa da kyamara gonarsa ta Kwandiko, inda babu hasken lantarki, ya bar kyamarar a buɗe tana tara haske kaɗan-kaɗan, har abin da ido ke gani kamar ɓurɓushin hayaƙi ya fito a takarda a murɗe kamar gammo. Da waɗannan hotuna yake nuna wa yaranmu girman ikon Allah.

Zaman makoki ba zai hana mu faɗin gaskiya ba. Mutane da yawa ba su kyauta masa ba. Wasu sun je masa a ɓoye ya duba musu ranar ɗaurin aure, da ya sallame su cewa shi ba malamin duba ba ne, sai suka koma kiransa boka. Samari kan bi shi gona su dalle masa fitilar babur don su lalata hoton, iyayensu na sane, dariya kawai suke yi. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma daga gida ya fito.

Yau ga waɗannan mutanen a kan tabarmar gaisuwa, suna matsa wa maiɗakinsa, Hajiya Halimatussa'adiyya, tana cikin takaba, ta ƙona hotunan ta fasa madubin kafin addu'ar bakwai, wai kada su zame masa azaba a kabari. Ku ji tsoron Allah. Kun hana shi sakat yana raye, ku ƙyale matarsa ta yi kukanta.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya da 'ya'ya da jikoki haƙurin jure wannan babban rashi.

A ƙarshe muna sanar da jama'a cewa Hajiya ta danƙa mana amanar kayan jiya da safe. Suna ɗakina, kuma bayan addu'ar arba'in za mu baje su yara su gani. Wanda har yanzu yake riƙe da ashana, ya bar gidan makoki ya zo nawa. Na san uwar kowannenku.

Hajiya Saudatu Abdulnasir
Kakakin Ƙungiya, Birnin Kudu