Na Yi Wa 'Yata Ƙaryar Ciwo Don Kada a Tafi da Ita

Malam Edita, ina gaishe ka, ina gaishe da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a zage ni. Ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, sai a yi haƙuri da rubutuna.

A Makera muke zaune, maigidana yana aiki a masaƙa. 'Yata ta fari, wadda ko sunanta ba na faɗa saboda kunya, yayar maigidana ce ta ɗauke ta yaye, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Aka ce kwana biyu ne. Ga shi yau yarinya har ta fara famfara, Yaya take kira Inna, ni kuwa da sunana take kirana.

Na taɓa gwada roƙonta. Na durƙusa, na ce a hankali, "Yaya, raina yana sosuwa da rashinta. Ko ran Juma'a a riƙa bar mini ita ta kwana." Ta tafa hannu tana dariya, ta ce, "Oh ni! Yau ga boko, uwa na roƙon 'yar fari da bakinta!" Maigidana ya ce na zubar masa da mutunci. Tun ranar na kama bakina.

To, mijin Yaya ma'aikacin reluwe ne, an mai da shi Nguru. Da aka kawo mini yarinyar sallama, sai na aika cewa zazzaɓi ya kama ta, kamar ƙyanda ce, ba ta tafiyuwa. Wallahi ƙarya ce, lafiyarta ƙalau. Na lulluɓe ta a ɗaki, na ce wasa muke yi. Kullum Yaya sai ta tako da ƙafa, da jiƙo a kwano, idonta jajir. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, in wani abu ya same ta, ni ma ba zan yi rai ba." Wace irin mace ce ni? Matar da ba ta taɓa dukan 'yata ba nake sa kuka?

Abin da ya fi karya ni, da Yaya ta fita, yarinyar ta yaye zane ta ce, "Yaushe za mu gama wasan in koma wajen Innata?"

Ran Asabar jirginsu zai tashi. In na faɗi gaskiya, ba mai sake yarda da ni, kuma duk da haka tafiya za a yi da ita. In na yi shiru, ƙyandar da babu ita yaushe za ta warke? Jama'a, me zan yi?