Kujerar Baƙo

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba, da sauƙi? Auta fa, har yanzu yana satar nama a tukunya?

Ni lafiya lau. Aikin wanki a otal ɗin nan ba laifi, hannuwana ne kawai suka ɗan tsattsage. In an samu mai zuwa, ki aiko mini da man nan naki.

Kirsimetin bana ba zan zo ba, ɗakuna sun cika, an hana hutu. Ina ta tuna kujerar da Baba ke ajiyewa kusa da ƙofa, yana cewa Yesu ya rasa masauki, don haka baƙo ba zai rasa wuri a gidanmu ba. Da haushi nake ji, don baƙon ke cinye cinyar kaza.

Auta ya ce bana ni za ku bar wa kujerar, ba kowa a kai. Don Allah kada ku yi haka, ku leƙa titi ku kira wani. Yanzu na san yadda mutum ke rage tafiya a ƙofar mutane in ya ji ƙamshin girki.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki