Ba Ma Cikin Lissafin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya su Auta? Ni lafiya lau, in ban da ɗan tari.

Na ji saƙonka. Wai an faɗa a rediyo annobar da ake fama da ita ta lafa a nan, mutum goma kacal aka samu jiya, don haka in hau mota in zo duba Inna, in daina kame-kame. Har da cewa na manta gida!

Yaya, wanda aka gwada shi ake ƙirgawa. Mu takwas ne a ɗakinmu, uku na kwance, ba wanda aka gwada. Shugaban aikinmu ya hana, wai in aka samu mutum ɗaya za a rufe ma'aikatar. Mai dafa mana abinci, wanda gadonsa ke saman nawa, ya rasu ran Talata. Aka rubuta zazzaɓi. Ko shi bai shiga lissafin ba.

A haka kake so in durƙusa gaban Inna ta dafa kaina? Ba zan zo ba. Ka ce ta yafe mini, ta sa mini albarka daga nesa.

In na kai mata cutar nan, a rediyo mutum ɗaya ne zai ƙaru. Mu kuwa uwa ɗaya gare mu.

Ƙaninka.