Robar da Aka Zura Mini ta Hanci

Talata, 1 ga Yuli, 2025, Gummi
Yau murya ta yanke mini a kiran la'asar. Ina tsakiyar "Hayya alas-salah" sai tari, tsami ya taso har baki. Lasifika ta kai tarin ko'ina a unguwa. Ubaidullah tela, mai shago jikin masallaci, shi ya shigo ya ƙarasa. Shekara ashirin da shida ina ladanci, ba a taɓa ƙarasa mini ba.

Lahadi, 6 ga Yuli
Matata Iyatu ta ɓoye kanwar da nake jiƙawa. "Malam, shekara nawa kana shan abin ga? Ƙwannafin bai bari ba." Na yi mata faɗa. Ita ke da gaskiya.

Laraba, 9 ga Yuli
Likitan nan ya tura ni Sakkwato. Wai a auna yawan tsamin da ke tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro. Na ajiye magunguna kafin ranar, kamar yadda ya ce. Ƙirji kamar an zuba garwashi.

Litinin, 21 ga Yuli, Sakkwato
Sun zura wata siririyar roba ta hancina, suna ba ni ruwa ina haɗiya har ta sauka. Hawaye suka zubo, ba na kuka ba. An manne ta a kumatu, ɗaya bakin yana jikin wata 'yar na'ura da aka rataya mini a kafaɗa. Kwana ɗaya cur za ta yi. In na ci abinci in danna maɓallin na'urar, in na kwanta in danna, in zafin ya taso in danna.
Da azahar na shiga masallacin asibiti, na tsaya sahun ƙarshe, na ja rawani na rufe fuska. Da na yi sujada tsamin ya taso. Ban danna ba. Kunya na ji, ban san ta wa ba.
Bayan sallama na danna.

Talata, 22 ga Yuli
An cire. Iyatu ta ce in ci wani abu. Ban iya ba.

Alhamis, 24 ga Yuli
Likita ya juyo mini takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Ya ce kowane gangare tasowar tsami ce, sau tamanin da ɗaya a kwana guda. Wani likitan ya leƙa maƙogwaron da fitila, ya ce tsamin ya daɗe yana ƙona inda murya ke fita.
Na ce, "Za ta dawo?"
Ya ce, "Baba, zafin zai yi sauƙi da magani. Magana za ka yi. Ɗaga murya dai…" Sai ya koma rubutu.
Ban da yaji, ban da goro, ban da kwanciya bayan cin abinci.

Juma'a, 1 ga Agusta, Gummi
Liman ya zo dubiya. Ya ce Ubaidullah riƙon ƙwarya yake yi, wurina na nan. Da zai tafi bai kalle ni ba.

Laraba, 6 ga Agusta
Iyatu ta tafi gidan suna. Na rufe ɗaki na gwada. Takbira biyu, ta uku iska kawai.
Ban faɗa mata ba.

Asabar, 16 ga Agusta
Zafin ya ragu, gaskiya. Na ci tuwo lafiya.
Ubaidullah yana gaggawa a shahadar kiran salla, numfashi na ƙare masa. Bayan magariba na tsaya ƙofar shagonsa, na ce ya riƙa jan iska tun daga ciki, kada ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Baba, nuna mini." Na ce gobe ya zo gida da hantsi.
Mabuɗin akwatin lasifika yana aljihuna tun watan jiya, Ubaidullah da na Liman yake buɗewa. Na bar shi kan keken ɗinkinsa. Nauyi yake mini a aljihu, shi ke nan.