Matata ta ɓoye mini takardar likita wata biyar

Anti, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta ƙi yin sanyi.

Ni mai haɗa wutar lantarki ne, rabin rayuwata a kan tsani nake yi. Wata biyar da suka wuce na tashi da safe ɗaki yana juyawa da ni, ga amai, ko kai ba na iya ɗagawa. Likita ya ce wata jijiya ce a cikin kunnena na hagu ta lalace. Ranar ban san inda kaina yake ba, matata ce ta saurari bayani ta karɓi takardu. Da muka dawo ta ce hutu aka ce in yi. Ko buta ba ta bari in ɗauka. Maganin jiri kuwa kullum sai ta miƙo mini, in ya ƙare ta sayo wani. Ni kuma ina kwance ina ta sa mata albarka!

Shekaranjiya ina neman katin rigakafin 'yarmu a akwatinta, sai ga takardar asibiti da zanen mutum yana juya kai. An rubuta a sha maganin kwana uku kawai, sannan a fara atisayen juya kai irin na zanen. Da na tuhume ta, wai ta taɓa ganin na waiwaya na kife a ƙofar banɗaki, ba za ta iya sake gani ba. Har yau tafiyar mashayi nake yi, abokin aikina kuma ya ɗauki wani a madadina. Ta cuce ni, Anti. Ko abincinta ba na iya kallo.

Mai Jiri

Ɗan'uwa, sannu. Fushinka yana kan hanya, ta yi ba daidai ba, kuma dole ta ba ka haƙuri.

Idan jijiyar kunne ɗaya ta yi rauni, ƙwaƙwalwa takan koyi dogara da ɗaya kunnen, da ido, da tafin ƙafa. Amma da motsi take koyo, wannan ɗan jirin da ake gudu shi ne darasin. Dogon kwanciya da yawan maganin jiri su ke jinkirta ta. Yawanci jinkiri ne kawai, ba a rufe ƙofa ba. Ka koma wurin likitanka cikin makon nan, kada ka daina magani ko ka hau tsani sai da izininsa.

Sai dai kai ma, wata biyar ba ka ce a mayar da kai asibiti ba? Ita tsoro ne ya ruɗe ta, ba mugunta ba. Ku tafi tare, ta ji bayani da kunnenta a gabanka. Sannan kullum in kana atisayen, ita za ta tsaya kusa da kai, tana kallo kana tangaɗi, ba ta da ikon cewa ka zauna. Wannan horon ya ishe ta.

Allah ya ba ka lafiya, ya daidaita tsakaninku.